Gidan Fatalwa na Asawase

Sahura ce ta ja ni, da hannu da magiya.
Wai daren ƙarshen Oktoba ne, wai Halowin,
wani biki da suka gani a waya.
Na ce, "Mu da ke da namu aljanun,
sai mun je aro?"
Ta ce, "Kaka, sidi biyar ne kacal,
kuma na gyaran kwatar layinmu ne."

Tsohon shagon niƙa ne, bayan tashar tirotiro.
Samarin unguwa sun share shi,
sun raba ɗakuna da buhun siminti da baƙar leda.
Kabewa ta yi tsada, sai suka fafe kankana,
suka yi mata haƙora, suka dasa kyandir ciki.
A bakin ƙofa ga Kwadwo mai gyaran fanka,
fuska fari fat da garin rogo,
yana miƙo canji,
yana tambaya ko gwiwata ta yi sauƙi.

Ni fa shekara talatin da ɗaya nake wankan gawa,
mata da ƙananan yara.
Daga Aboabo har Sawaba
na shiga gidaje da buta da sabulu.
Na san nauyin hannun da ya saki duniya.
To me zai razana ni? Zanen gado?

Ɗakin farko, wata mayya ta diro da ihu.
A silifa na gane ta:
'yar Maame Serwaa mai kenke.
Jinin bakinta zoɓo ne,
har da ƙamshin citta.
Na biyu, ƙasusuwa na lilo a igiyar shanya,
na saniya, daga teburin Ɗanlami mahauci.
Na yi dariya har kallabina ya zame,
Sahura kuwa farcenta ya nutse a damtsena.

Sai aka ɗauke wuta.
Ba ta cikin wasa ba, irin ta kullum.
Kukan mujiyar rediyo ya yanke,
wata fatalwa ta ce, "Kai, wa ke da tocila?"

Da hasken waya muka shiga na ƙarshe.
Benci. Farin yadi.
Wani ɗan guntun mutum miƙe a ciki,
an ɗaure kai, an ɗaure tsakiya,
ɗaurin wanda bai taɓa yi ba,
ƙafafu biyu a waje.
A babban yatsan hagu, tabon kwalba.
Ni na wanke wannan ciwon da sallar bara.

Rufa'i.

Ban san na yi ihu ba. An ce har tasha an ji.
Na fizge yadin, na ɗago shi,
na manna kunne a ƙirjinsa:
tim, tim, kamar ana dakan fufu a maƙwabta.
Ya ce, "Kaka, kin ɓata wasan!
Sai kun juya baya ne zan tashi."

Na ce, "Tashi yanzu."

Mayya ta kawo mini ruwan leda,
fatalwa ta yi mini fifita da kwali.
Kwadwo ya ce a mayar mini da kuɗina.
Na ce a bari,
abin da na saya an ba ni, har da gyara.

A hanyar gida yana gaba, ya cika fam,
yana shurin gwangwanin madara.
Yadin na hammatata. Zai yi riga biyu.
Gobe rini zan fara kai shi, shuɗi nake so, mai duhu.
Sahura ta ce, "Ashe ke ma kina jin tsoro?"
Ban tanka ba.
Idona na kan dugadugansa a hasken masu suya,
ɗaya na tashi, ɗaya na sauka.